Me ya sa mizani ya kama tankar da ta saba wucewa lafiya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Ka ce tankarka mai lita 36,000 ce, aksul biyar, wato layin tayoyi biyar, ka daɗe kana ɗauko fetur daga Yanbu zuwa Jidda ba a taɓa tare ka ba, amma da aka sauya maka zuwa dizal sai mizani, wato wurin awon nauyin manyan motoci a hanya, ya rubuta maka mukalafa, wato takardar tara. Kana tambaya ko ka riƙa zuba rabin tanki kawai ka huta. Kada ka yi haka, zan zo kan dalili. Bari mu fara da abin da ya kama ka.

Mizani ba ruwansa da lita, kilo yake ƙirgawa. Iyakar da Hukumar Hanyoyi ta Saudiyya ta sa ita ce tan 21 ga mota mai aksul biyu, tan 34 ga mai uku, 42 ga mai huɗu, 45 ga mai biyar, kuma wannan ya haɗa da nauyin motar kanta. Tarar riyal 200 ce a kan kowane kilo 100 da ya haura, tana iya kaiwa riyal 100,000. Litar fetur ba ta wuce giram 740 ko kusa da haka ba, ta dizal kuwa tana kai giram 840, ta ruwa kilo ɗaya cif. Mu ɗauka kan motarka da tankar, babu kaya, tan 16 ne. Ka cika da fetur, kayan tan 26.6, jimla 42.6, ka wuce salin alin. Ka cika da dizal, kayan tan 30.2, jimla 46.2, ka haura da kilo 1,200, riyal 2,400 ke nan. Da ruwa za ka cika ta, da ka kai tan 52, tara riyal 14,000. Shi ya sa masu wayit, wato tankar ruwa, suke kiran motarsu da tan, domin a ruwa lita dubu tan guda ce. Wanda ya ɗauki wannan lissafin ya kai shi kan wani kaya daban, shi ne yake shiga uku.

Abin da za ka fara yi shi ne ka san nauyin motarka babu kaya, na gaskiya, ba wanda ke rubuce a takarda tun tana sabuwa ba. Cika tankin man motar, ka bar safaya da jak da tiyo da famfo da kayan kwananka a inda suke zama, kai ma ka zauna a ciki, sannan a auna. Tankin mai na ƙari da aka yi wa walda daga baya, da dattin da ya kwanta a gindin tanka, duk nauyi ne, masu kwasar ruwan masai sun fi kowa sanin wannan. Cire abin da ka samu daga tan 45, ka raba ragowar da nauyin lita ɗaya na kayan, wanda ke rubuce a takardar lodi. A misalinmu ragowar tan 29 ce: dizal lita 34,500 ke nan. Ni dai shawarata ka sake rage lita 300 zuwa 400, saboda sikelin defo da na hanya ba sa cika faɗin abu ɗaya.

Sai dai jimla rabin magana ce. Kowane aksul yana da tasa iyakar: na gaba mai sitiyari tan 8, aksul tilo na baya tan 13. Waɗanda suke jere biyu ko uku kusa da juna ba a ninka musu 13, abin da aka yarda musu ya dogara da tazarar da ke tsakaninsu. Don haka mota tana iya zama tan 44 a dunƙule amma aksul ɗin da ke jan kai ya haura. Ba ƙeta ba ce ta sa ake tsananta wannan. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna ɓarnar da aksul ke yi wa kwalta tana hauhawa fiye da yadda nauyin ke ƙaruwa: aksul da ya kamata ya ɗauki tan 13 in ya ɗauki 16, ɓarnarsa ta ninka biyu har da ɗoriya. Ramukan nan biyu da tayoyi suka haƙa a layin manyan motoci, inda kwalta ta yi laushi da zafi, daga nan suke.

Abin da ke jefa nauyi kan aksul ɗaya sau da yawa yana jikin motar. Farantin da tirela ke hawa a kai, in mai matsawa ne, turo shi gaba yana ƙara wa aksul ɗin sitiyari, ja da shi baya yana ƙara wa na ja. Jakar iskar da ke aikin sifiri a kan aksul in tana yoyo, ko bawul ɗin daidaita tsayi da ya lalace suna sa aksul ɗaya ya sauke wa maƙwabcinsa kaya. Haka sifirin da ya karye. Aksul mai ɗagawa kuma, in ka manta shi a sama da kaya a ciki, ka mayar da motarka mai aksul huɗu. Rage iskar taya ba ya rage ko kilo ɗaya, taya kawai yake fasawa a zafin Yuli.

Yanzu maganar rabin tanki. Ruwan da ya samu fili a cikin tanka yana tafiya. Ka taka birki ya ruga gaba ya daki bango, ya tura motar bayan ka ɗauka ta tsaya. Ka shiga shataletale ya haye gefe guda, nauyi ya koma kan tayoyin waje, tanka ta kwanta a gudun da cikakkiya za ta wuce lafiya. Shingayen ƙarfen da ke ciki suna karya gudun gaba da baya ne, ba sa hana na gefe sosai, tankar madara ma galibi ba ta da su saboda wanki. Dokar Turai ta jigilar kaya masu haɗari ta ce tankin da ba a raba shi gida-gida na lita 7,500 ko ƙasa ba, a cika shi kashi 80 zuwa sama, ko kashi 20 zuwa ƙasa. Tsakiyar nan ita ce mugun wuri. Dizal lita 34,500 a tankarka kashi 96 ne, babu matsala ko kaɗan. Amma in aka ce ka ɗauki ruwan sodar yin sabulu mai nauyin kilo ɗaya da rabi a lita, lita 19,000 kawai za ka iya, wato rabi da kaɗan. Wannan ba aikin tankarka ba ne, ka ƙi. Dalilin da ya sa tankokin asid suke sirara ke nan.

In tankar mai gidaje ce, cika wasu ka rage ɗaya ya fi a rage kowanne kaɗan-kaɗan har su yi kwance. Gidan tsakiya ne ya fi dacewa da ragi, domin nauyinsa a rabe yake tsakanin kai da tirela. Wajen sauke kaya a gidajen mai daban-daban ma a lura: in ka fara juye na gaba, kai ya yi sakayau, tayoyin ja su rasa riƙo. In ka fara juye na can ƙarshe, wanda ya zarce tayoyin tirela, nauyin kan farantin yana iya ƙaruwa duk da kayan sun ragu. Kada kuma a cika maƙil. Zafi ba ya ƙara nauyi amma yana kumbura mai, fetur lita 36,000 da aka loda da asuba yana iya ƙara lita 700 in zafinsa ya tashi da digiri 20.

A mizani, ka rage gudu tun daga nesa da giya, ka shigo a hankali ba tare da taka birki da ƙarfi ba. In awon tsaye ne, ka tsaya ka jira har ka daina jin motar tana rangaji a ƙarƙashin kujerarka, domin in aka karanta lokacin da kayan suka rugo gaba, aksul ɗin ja zai nuna abin da ba nasa ba. In lambar ta yi nisa da ta takardar defo, ka nuna takardar, ka roƙi a sake awo cikin ladabi. In kuma an tabbatar ka haura, ka kira kamfani su turo wata tankar a juye rarar, kada ka kuskura ka buɗe bawul a gefen hanya. Kauce wa mizani ta ɓarauniyar hanya laifi ne na daban a kan na nauyi.

Takardar awon motarka babu kaya, aksul-aksul, ka ba wa mai lodi kwafi ɗaya, ka ba wa mai mota ɗaya, ka rubuta iyakar litar fetur da ta dizal a jikinta. Duk lokacin da aka yi wa motar walda ko aka sauya mata kai, a sake awo.