Me ya sa wasu hotunan Schongauer suka dushe?

Ka tambaya me ya sa kwafi biyu na hoton Waliyyi Antoni da aljanu, wanda Martin Schongauer, mai zane na garin Colmar da ke Faransa a yau, ya sassaƙa, suka bambanta: ɗaya baƙi wuluk, ɗaya fari-fari. Malam, dalilin yana jikin farantin da ake buga hoton da shi a kan takarda.

A kan farantin jan ƙarfe ake yin aikin. Mai sassaƙa yana tura ɗan ƙarfe mai tsini gaba, ɗaya hannun kuma yana juya farantin a kan matashin fata don fitar da lanƙwasa. Sai ya kankare ɓurɓushin da ya tashi a gefen layi. Inuwa kuwa da siraran layuka masu gicciye ake yin ta, kuma nan gwanintar Schongauer ta fi fitowa. Ana cusa tawadar kunkunniya da dafaffen mai cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a matse da injin birgima. Hoton a juye yake fita, hagu ta koma dama.

Jan ƙarfe yana da taushi. Kowace guga da matsa tana cin sa, siraran layukan inuwa su ne ke fara ɓacewa, sai fuskoki su zama fayau. Kwafinka mai dushewa bugun baya ne. Busasshiyar takarda ma ba ta janyo tawada sosai.

Duba kuma ko an sake zurfafa layukan, domin wani mai sassaƙa, Israhel van Meckenem, ya sha yi wa tsofaffin farantan wasu haka. Schongauer ya rasu a 1491, alamarsa M+S tana ƙasan hoto, amma masu kwaikwayo ma sun sa ta.