Muryar babban bakaniken gurup: amsar maganar motar da ta faɗi MOT a hayaƙi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Na ji saƙon ƙanenmu na Coventry tun da safe, ina ƙarƙashin mota ne, hannu duk baƙin mai, shi ya sa sai yanzu. Wanda bai saurara ba, cewa ya yi ya sayi Nissan 350Z ƙirar 2006, mai ita na farko ya canza salansa, ya taɓa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Shi ƙanen namu ya kai ta MOT, gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara a nan Ingila, ta faɗi a hayaƙi. Wai ko akwai maganin da zai zuba a tanki ta wuce, ko wani ya san gareji mai sauƙin kai.

To ƙanena, na gane inda ka dosa. Maganar magani share fage ce kawai, garejin kake nema, wanda zai kau da kai ya buga maka takarda. Ni ban san shi ba, kuma ko na sani ba zan tura ka ba. Duk mai gwajin da hukumar DVSA, mai sa ido kan gwajin MOT, ta kama yana wannan, tana iya dakatar da shi har shekara 5, wani ma sai ya tsaya gaban alƙali. Mutum da iyalinsa, ka ce ya jefa abincinsa a wuta saboda motarka ta yi ƙara a titi? Haba.

Tun kafin ka turo hoton takardar na san ciwon. Motarka ba ta da indomi. Abin nan da ke cikin salansa mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda bakanikenmu na gida ke ce wa indomi, shi aka cire aka sa zallan bututu. Kuma 350Z injinta V6 ne, indomi biyu gare ta, dama da hagu. Shiga ƙarƙashinta da tocila ka duba. In ma ka ga gwangwanin yana nan, ƙwanƙwasa shi, don akwai masu farke shi su kwashe cikin su mayar da walda. Fanko yana da amonsa, kunne zai gaya maka.

Bari in gaya maka abin da na'urar ke nema, don kada wani ya ruɗe ka. Za su zura ƙarfe a bakin salansa, su taka totur inji ya tsaya tsakanin 2,500 da 3,000. A nan iskar nan mai guba, CO, kada ta wuce kashi 0.2 cikin 100. Ɗanyen man da bai ƙone ba, wanda suke rubutawa HC, kada ya wuce 200. Sai lamda, wato ma'aunin iska da mai, dole ta zauna tsakanin 0.97 da 1.03. Sannan a saki totur inji ya koma silo, CO kada ta wuce 0.3. Shi ke nan. Motar da ba ta da indomi ba ta isa ta kawo CO ƙasa haka ba, ko ka zuba kwalba goma. Kai, ko da ma lambobin sun yi kyau, in mai gwaji ya leƙa ya ga abin da kamfani ya saka babu shi, faɗuwa ce kai tsaye.

Wannan kwalbar da kake tambaya, ban ce ba ta da amfani sam ba. Motar da komai nata ke nan, sai dai ta daɗe tana zirga-zirgar kai yara makaranta ta tara dauɗa, tana iya ɗan taimaka mata. Amma abin da babu shi fa? Ruwan kwalba ba ya haifar da indomi.

Kuma wallahi maganar indomin nan tana taɓa ni, don an taɓa yi mini. Shekarun baya na tara kuɗi na saya wa yayana mota, na duba ta da hannuna kusoshi ɗaya-ɗaya, na tura ta jirgin ruwa ta sauka Kwatano, aka kai masa Kano. Ba ta yi wata uku ba ya kai ta wani gareji a canza masa fulogi. Fulogi kawai! Sai yaron garejin ya ce masa, Alhaji ai indominka ya toshe, shi ke hana ta gudu, bari mu cire maka, ba sai ka biya ba. Yayana har godiya ya yi, har ya ba shi na goro. Bai san abin da aka ɗauke masa ya fi kuɗin aikin nesa ba kusa ba. Don a cikin saƙar nan akwai ƙarafa masu tsada, filatinam, faladiyam da rodiyam, su ne ke ƙone gubar. Saboda su ne a nan Ingila ɓarayi ke shiga ƙarƙashin Toyota Prius da Honda Jazz da dare su yanke salansa cikin 'yan mintuna. Da na je gida na shiga motar, warin da ya bugi hancina, ga wutar cek, mai nuna inji na da matsala, a kunne, ga iyalinsa a baya suna shaƙa. Na ce a kai ni wurin yaron. Muka je, ya dube ni ido cikin ido ya ce ai sun zubar a bola. A bola! Abin da ake aunawa a sikeli a saya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba, yadda aka mayar da dattijo... to, bar wannan. Ina muka tsaya?

Yawwa, abin da za ka yi. Fara kiran wanda ya sayar maka, ka tambaye shi ina na asalin. Yawancin masu wannan harkar suna ajiye su a bayan gida, saboda su ma duk shekara sai sun mayar kafin gwaji. In ya ce babu, ka nemi na hannu daga masu fasa motoci, amma ka haska cikinsa ka ga saƙar da idonka kafin ka biya. In sabo za ka saya, motar da aka yi wa rajista daga 1 ga Maris 2001 doka ta ce sai mai hatimin amincewa. Akwai wanda suke kira na tsere, mai rami 200, alhali na kamfani ya kan kai 400 ko fiye. Wani yana wucewa da shi, wani yana faɗuwa a bakin layi. Ni ba na son cacar nan, sa na asali ka huta.

Sai birenbos. Wanda ya canza mata lissafi ya yi ne don bututu fanko, galibi ya ƙara mata mai, kuma ya kashe ƙorafin sansa ta baya, wato na'urar da ke lura da aikin indomi. In ka mayar da indomi ka bar wannan lissafin, man da ya yi yawa zai bi ya dafa maka sabon indomin. Ka kai a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ko a daidaita ta da abin da ke jikinta yanzu.

Wutar cek kuma, na san wani a gurup ɗin nan zai ce a cire ƙwan ko a liƙe da baƙin tef. Kada ka soma. Tun Mayun 2018 da aka sauya tsarin MOT, wutar nan in tana kunne babbar matsala ce. Kuma mai gwaji yana murɗa makulli ya ga ta kama sannan ta mutu, in ba ta kama ba ma ka faɗi. Sa kwamfuta ka karanta. In ka ga P0420 ko P0430, indomin ɓangare ɗaya da na ɗayan ke nan suke kuka.

Af, na manta, kuma wannan ya fi kama mutane. Bayan an ɗaura komai, a duba yoyo. Gaskit ɗaya ya saki, ko walda ta yi 'yar ƙofa kamar ta allura, iska za ta shiga, lamda ta haura 1.03, ka faɗi alhali CO ɗinka tsaf. Sai ka ga mutum ya sayi sansa sabuwa, ya sayi fulogi, ashe gaskit na 'yan fam kaɗan ne. Tun da inji bai yi zafi ba, toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, ka saurari inda take huci.

Ranar gwaji kada ka tashe ta daga ƙofar gida ka kai ta da sanyinta. Indomi sai ya yi zafi sosai yake aiki. Hau babbar hanya ka yi minti 20 zuwa 30, ka iso daidai lokacinka, kada ta zauna awa guda a layi tana hucewa. Wannan ba wayo ba ne, haka aka ƙera abin, su kansu a cikakken gwaji suna son baƙin mai ya kai digiri 80. Kuɗin gwaji fam 55 ne, a'a, 54.85, shi ne iyakar abin da doka ta yarda a karɓa a ƙaramar mota. In ka mayar da ita wurin da ta faɗi cikin kwanakin aiki 10, ba za ka sake biyan cikakken kuɗi ba. Kuma in tsohuwar takardarka ta ƙare, kada ka yi yawo da ita, tarar tana kaiwa fam 1,000. Inshora ma ka gaya musu duk abin da aka canza, don ranar da aka yi haɗari, Allah ya kiyaye, a nan za su kama ka.

Na kuma san abin da ke ranka, a wuce gwaji ranar Litinin, Talata a sake cirewa. Ƙanena, ni ina da 'ya mai asma, na san daren da ake kwana zaune ana jiran numfashi ya dawo. Akwai yarinya a Lewisham ta Landan, Ella Adoo-Kissi-Debrah, shekararta 9 ta rasu a 2013, gidansu dab da babban titin South Circular. A Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta, ita ce ta farko a ƙasar nan da aka rubuta wa haka a takardar mutuwa. Bakin salansarka daidai fuskar yaron da ake turawa a keken jarirai yake. In gudu kake so da ƙara, ga filin tsere na Silverstone, ga Donington, ana biya a shiga a yi yini. In kuma muryar motar ce ke burge ka, canza tukunyar baya kaɗai ka bar indomi a wurinsa, ita ma kada ta cika ƙara, don ƙarar ma suna dubawa.

Turo mini hoton takardar, ɓangaren lambobin nan uku nake son gani, da hoton ƙarƙashin motar ta dama da ta hagu. In za ka iya shigowa Birmingham ranar Asabar bayan azahar, kawo ta in ɗaga ta mu gani tare, amma kira mutumin nan tukuna kan maganar na asalin. Ga mai mota nan ya iso, sai anjima.