Ina zan samu manhajoji masu amfani a sabuwar kwamfuta?

Ka ce ka sayi kwamfuta mai Windows 11, kana neman manhajoji masu amfani ba tare da ka kwaso mata ƙwayar cuta ba. To, da farko ka guji shafukan da ke raba manhajojin sata, galibi can ake ɗauko jidali. Ka nema a Microsoft Store, ko ka sauke kai tsaye daga shafin masu manhajar.

Ni dai VLC nake fara sawa, don da wuya ka ga bidiyon da ya gagare ta. Sai 7-Zip ta buɗe matsattsun fayiloli, da LibreOffice ta rubutu da lissafi in ba ka son biyan kuɗin Microsoft Office. Duk kyauta ne.

Amma wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba ita ce Everything. 'Yar ƙarama ce, tana tattara sunayen duk fayilolin da ke kwamfutar, kana fara rubuta suna tana zaƙulo maka shi nan take. Wanda ya taɓa zaman jiran binciken Windows ya san me nake nufi.

In kuma wata manhaja ta yi maka tsada, rubuta sunanta a shafin AlternativeTo, zai jero maka makamantanta.