Tambaya da Amsa: In na sayi komai biyu-biyu, nutso mai zurfi ya zama ba hatsari kenan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Gwammaja ne a nan Kano, karatu ya kai ni Alƙahira, toh a wani hutu muka je Dahab bakin Bahar Maliya na koyi nutso da tukunyar iska har na samu takardar farko. Yanzu so nake in shiga na masu zurfi, wanda ake wuce mita 40 ana shiga kogo da jiragen da suka nutse. Hajiyarmu ta ce sam bata yarda ba, ni kuma na ce mata ai komai biyu-biyu zan saya, tukunya biyu, abin shaƙa biyu, tocila biyu. In mutum yana ɗauke da kayan ko-ta-kwana ba shikenan ya tsira ba? So nake in nuna mata amsarka.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, ka gaishe min da Hajiya. Tunda za ka nuna mata bari in faɗa maka tsakani da Allah, kayan ko-ta-kwana suna ceton rai sosai, babu mai hankalin da zai shiga irin wannan nutson babu su, amma wannan "shikenan" ɗin da ka ce ita ce ta tsorata ni.

Ka ga takardar da kake da ita iyakarta mita 18 ne, a nan in abin shaƙarka ya samu matsala saman ruwa na kusa, ka karɓi iska a wajen abokin nutsonka ku haura a hankali magana ta ƙare. A can ƙasa kuwa babu wannan gatan. Ko dai dutse ne a saman kanka, ko kuma jikinka ya riga ya sha iskar naitirojin da yawa daga abin da kake shaƙa sai ka dinga tsayawa zango-zango a hanyar fitowa, in ka yi sama da gudu iskar ta yi kumfa a jini kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe, wani ya shanye wani ya rasa ransa. Ga kuma cin iska, a mita 40 abin da kake zuƙa ya ninka na bakin ruwa sau 5. Shi yasa duk matsalar da ta same ka dole a nan ƙasan za ka gyara ta, shi yasa ake ɗaukar tukunya biyu da bawul a tsakaninsu, abin shaƙa biyu ɗaya mai dogon tiyo kamar mita 2 don miƙa wa aboki ɗayan rataye a wuya, tocila uku in kogo ne, abin yanka biyu. Sheck Exley, Ba'amurken da ya bi diddigin yadda mutane ke mutuwa a kogunan ruwa, yana cikin waɗanda suka kafa ƙa'idar raba iska kashi uku, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba a taɓa shi sai ta ɓaci. Shi kansa a 1994 ya rasu a ramin Zacatón na Meziko yana neman kai wa kusan mita 300.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Duk direban da ke bin hanyar Kano zuwa Kaduna yana da safaya a but, amma nawa ne suke duba ko akwai iska a ciki, nawa ne suke da jak, nawa ne suka taɓa canza taya da hannunsu cikin dare? Haka abin yake a ruwa sai dai a can ba gefen titin da za ka faka. Tukunya biyu in tiyo ya fashe baka iya kai hannu bayan wuyanka ka rufe bawul ɗin da ya dace cikin daƙiƙoƙi ba, ido baya gani kumfa ta cika ko'ina, toh iskar duka biyun za ta tsiyaye, ka koma kamar mai tukunya ɗaya. Kamar shagon da ke da wutar nefa da janareta amma duk waya ɗaya suka bi, in ta ƙone duhu ne.

Sannan shi kansa yawan kayan hatsari ne, wannan ba kowa ke faɗa maka ba musamman mai sayar da su. Kowane ƙarin tiyo da roba wata sabuwar ƙofar yoyo ce, nauyi ya ƙaru, numfashi ya ƙaru, ga abin maƙalewa a igiyar da ake bi don gane hanya. Mafi muni shine tukwanen da iskar cikinsu ta bambanta. Zallar oksijin ba a shaƙarta a zurfin da ya wuce mita 6, in ka rikice ka ɗauki abin shaƙarta a mita 40 jijjiga za ta iya kama ka kamar farfaɗiya, abin ya fita daga bakinka, alhali kana rataye da iskar da za ta ishi mutum biyu. Dave Shaw a Janairun 2005 ya sauka mita 270 a wani rami a Afirka ta Kudu don ɗauko gawar wani matashi, ga tawaga guda, ga tukwane an jera masa a hanya, amma igiya ta harɗe da tocilarsa, kokawar kwancewa ta sa gurɓatacciyar iskar numfashi ta taru masa har ya suma. Ba rashin kaya ne ya kashe shi ba wallahi.

Akwai kuma abin da kaya ke yi wa zuciya. Mutum ya ji shi cike da ƙarafa sai ya ce bari in ƙara mita 10. A nan Dahab ɗin da ka sani, ramin nan mai shuɗin ruwa da ake kira Blue Hole yana da wata ƙofa wajen mita 55 da ta ci mutane da yawa, a wannan zurfin iskar yau da kullum tana sa maye, mutum ya ga hanya ya kasa gane ta, kuma babu safayar ƙwaƙwalwa a kasuwa. Wata iska mai suna hiliyam ake haɗawa a iskar tukunya don rage mayen, shi ma sai da horo.

Shawarata kar ka sayi komai tukunna. Bi matakan horo, na mita 30, na 40, na ceto, ka tara nutso masu yawa har tsayuwa cak a tsakiyar ruwa ta zame maka jiki, sannan ka nemi malamin da zai sa ka rufe bawul da canza abin shaƙa ido a rufe a ruwa mara zurfi har ka gaji, shi zai faɗa maka abin da za ka saya da wanda za ka bari. Kafin kowane nutso ka shaƙi na ko-ta-kwanan ka ji yana aiki, ka kunna tocilolin duka. In ka zo hutu kuma don Allah kar ka ce za ka gwada a Tiga ko Challawa kai kaɗai, ruwan dam ba a gani a cikinsa ga komar masunta.

Ita kuwa Hajiya kar ka ce mata babu hatsari, akwai. Ka zaunar da ita ka nuna mata matakan nan ɗaya bayan ɗaya, in har yanzu hankalinta bai kwanta ba ka tsaya a inda takardarka ta tsaya, ka sake tuntuɓarta bayan ka gama na ceton.