Me Zan Bari Na Bangaskiya Bayan Ubangiji Ya Kira Ni?

Tambaya: Fasto, ni dattijon ikkilisiya ne, malamin makaranta mai ritaya, shekaruna 67. Ba ni da dukiyar gina majami'a da sunana. 'Ya'yana duk suna birni, biyu ma sun yi sanyi da zuwa sujada. Me zan yi don bangaskiyata ta ci gaba bayan raina?

Amsa: Baba, sannu da hidima, Allah ya ƙara lafiya. Ka kwantar da hankalinka kan batun gini. Bangaskiya ba a gadonta kamar gona. Mutum ne ke miƙa ta ga mutum, tun yana da rai.

Dubi 2 Timoti 1:5. Bulus ya ce bangaskiyar Timoti ta fara zama a zuciyar kakarsa Loyis, sannan uwarsa Afiniki. Ba a faɗa mana sun gina komai ba, yaro guda suka koya wa Nassi tun yana ƙarami. A 2:2 kuma ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya ji ga amintattu waɗanda za su iya koya wa wasu. Abin tsoron yana Littafin Mahukunta 2:10: bayan zamanin Joshuwa, sai ga wata tsara da ba ta san Ubangiji ko aikin da ya yi wa Isra'ila ba.

Tarihinmu ma shaida ne. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, ba su ga ikkilisiya ko ɗaya ba. Bingham ya ci gaba, aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ya kafu, daga ciki ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Amma waɗanda suka kai maganar ƙauye ƙauye, a ƙafa da kan keke, masu bishara ne 'yan ƙasa, da yawansu ma ba a rubuta sunayensu ba. A ganina irin wannan gadon ne yake hannunka.

Fara da jikoki. In sun zo hutu, miƙa wa ɗayansu Littafi Mai Tsarki a addu'ar safe, ya karanta, ka bar shi ya yi tambaya ko da ta yara ce. Ba su labarin yadda ka karɓi Yesu, wanda ya yi maka baftisma, da shekarar da rumbu ya ƙare Allah ya ciyar da ku. A ɗauki muryarka a waya. Littafinka da ka ja wa layi da biro, ka rubuta a bangonsa wanda za a ba. A ikkilisiya kuma ka zaɓi matashi ɗaya ko biyu su riƙa binka gaida marasa lafiya.

'Ya'yanka biyun da suka yi sanyi, faɗa ba zai dawo da su ba. Kira su, ka saurara. In akwai inda tsananinka ya yi musu rauni, nemi gafararsu. Yana da wuya ga uba, na sani, amma ba za su manta ba.

Akwai wani abu da dattawa ke gudu, wato wasiyya. Sau da yawa an binne mai bi da waƙoƙi, kafin wata uku dangi sun kori gwauruwarsa, 'ya'ya suna kotu kan fili, maƙwabta na cewa ga Kiristocin nan. Wannan yakan rushe shaidar shekara da shekaru. Rubuta wanda zai sami gida da gona, ka tabbatar Mama tana da wurin zama, ka sa hannu gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki, lauya ya duba. Biya bashin da ake binka. Ka kuma tara 'ya'yan, ka faɗa musu abin da ka rubuta da bakinka, har da yadda kake so a yi jana'izarka ba tare da sun ci bashi ba.