Tsarin yana takarda, kamfani yana nan yadda yake

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce mai ba da shawara ya rubuta muku tsarin bunƙasa kamfaninku na kargo a Jidda, an biya shi, amma ba abin da ya canza, shin ka nemo wani? A ganina kada ka ƙara kashe ko riyal ɗaya tukuna.

Na daɗe ina zama da 'yan kasuwarmu na Bab Sharif a Jidda da na Makka, ciwon kusan ɗaya ne. Maigida ne mai awon kaya, shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai amsa wayar Kano. Yara ba sa motsi sai ya ce. Wane tsari ne zai tafi a haka?

Ɗauko takardar ka zaɓi aiki biyu, in sun yi yawa uku. Gaban kowanne ka rubuta sunan mutum ɗaya da ranar gamawa, ka sakar masa ikon kashe kuɗi zuwa wani adadi ba sai ya kira ka ba. Sai zama duk mako, minti ashirin ya isa: me ka ce za ka yi, ka yi, me ya hana? Wuyar tana wajen ƙani ko ɗan yaya, don kunya ba ta barin mu tambaye su. Ka tambaye su gaban kowa kamar sauran, in ba haka ba yaran za su gane zaman wasa ne.

Lokaci ma da ruwansa. Kasuwarmu watan Musulunci take bi, kuma kowace shekara azumi da Hajji suna matsowa da kusan kwana 11. Ba a koya wa ma'aikaci sabon aiki ana tsakiyar Umarar azumi. Gyara sai Muharram da Safar, a gwada kafin Sha'aban.

Ka kuma duba ko tsarin ya lissafa harajin saye da sayarwa (VAT) da ya koma kashi 15 a Yulin 2020, da fatura, wato rasiɗi, ta lantarki da hukumar harajin Saudiyya, ZATCA, ta wajabta tun Disambar 2021. In rajistar kamfanin da sunan wani take, wato tasattur, wannan za a fara warwarewa, don laifi ne a dokar ƙasar nan.

Mutumin da ka biya kuwa, kira shi ya riƙa halartar zaman nan na mako-mako har wata uku, a biya shi wata-wata. In ya ce ba ya da lokaci, sai ka nemi wani.