Amsa kan bohol ɗin da ya ƙafe da ambaliyar Kigo Road

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji tambayarka, wai ya za a yi ruwa ya ci gidaje a Kigo Road ta Kaduna a watan Satumba, amma kafin Maris bohol ɗin unguwa ya fara jan iska. To ai matsalar ɗaya ce.

Ka ga Kaduna a kan dutse take zaune, ba kamar Maiduguri ba mai yashi mai kauri a ƙarƙashi. Mu ruwanmu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da tsagogin da ke ƙasansa, kuma ruwan saman da ya nutse ne ke cika su. Muna samun kamar milimita 1,200 a shekara. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato rufin kwano mita 10 sau 10 lita 120,000 ke sauka kansa. To, ka ce 100,000, don akwai asara. Ina suke zuwa?

Nan ne raina ke ɓaci wallahi. Mutum ya gina gida, ya daɓe tsakar gida da siminti har bakin ƙofa, ya sare mangwaron da ya tarar, ko tafin hannu bai bar wa ƙasa ba. Maƙwabci ma ya kwaikwaya, wai tsafta. Indararo ya zuba a kwata, kwata ta toshe da leda, sauran ya ruga kogin Kaduna lokaci guda, bai nutse ya cika bohol ba. Kogin nan kuwa tun daga tsaunukan Jos ya taho a cike, fadamar da zai baje an yanka ta fuloti. Kai, bar maganar fuloti ma.

Kada ku yi saurin ƙara zurfi, dutsen da ba tsaga ko an kai mita 100 ƙura za a fitar. A kira masu awon ruwan ƙarƙashin ƙasa tukuna. Sannan kowane gida ya haƙa rami, zurfi mita 2, faɗi mita 1, manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa, yashi a sama, a juya indararo ciki. A nisanta shi da bango aƙalla mita 3 kada harsashi ya jiƙe. Ruwan farko a bar shi ya wuce, ƙura ce da kashin tsuntsu, shi ke toshe yashin. Masai kuma, Alhaji, mita 30 tsakaninsa da bohol, masan ya kasance ta gangaren bohol ɗin.